Sarrafa Bayanan Na'urorin Awo a Inda Aka Girke Su

Wannan fanni ne na ilimin kwamfuta da ya shafi adanawa, tacewa da binciken alƙaluman da ƙananan na'urorin awo ke tattarawa a gona, bakin kogi ko asibitin karkara, ba tare da an kwashe komai an tura wa babbar kwamfuta a birni ba. Na'urar awon, wadda masu sana'ar ke kira sensa, tana auna abu guda: damshin ƙasa, zafi, tsayin ruwa a magudana, ko sanyin firjin rigakafi, wanda ake so ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8.

A karkarar Kano da Jigawa buƙatar a bayyane take. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, kuma da shi da na madatsar Challawa suke gangarawa kogin Haɗejiya har fadamun Auyo. Mai son sanin halin ruwa a wannan tsawon yana buƙatar sensa a wurare da yawa, galibi inda babu wutar lantarki kuma sabis ɗin waya yake zuwa yana ɗaukewa.

Yadda tsarin yake

Hawa uku ne. A ƙasa akwai sensa, haɗe da ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta irin ESP32 da batir. A tsakiya akwai matattara, sau da yawa kwamfutar Raspberry Pi mai aiki da sola, wadda ke karɓar saƙo ta rediyon LoRa daga nisan kilomitoci. A sama sai rumbun intanet. Matattara takan adana awo a rumbun bayanai irin SQLite, ta jira sabis ya dawo, sannan ta tura ta MQTT, wata ƙa'idar aika gajerun saƙonni tsakanin na'urori. An ƙirƙiri MQTT a 1999 don sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, lokacin da kowane harafi kuɗi ne, shi ya sa ta dace da mai sayen data da awo.

Aika tambaya wurin bayanai

Nan ne gundarin fannin. Sensa 50 da ke awo kowane minti 15 za su samar da alƙaluma 4,800 a yini, alhali injiniyan ban ruwa abin da yake son ji bai wuce layi ɗaya ba: wace magudana ce ruwanta ya ja baya tun asuba? Tura saƙo ta rediyo ya fi lissafi cin batir nesa ba kusa ba. Saboda haka ake aika tambayar ga na'urorin, kowace ta duba abin da ke hannunta, amsa kaɗai ta dawo.

Tsarin TinyDB, wanda Samuel Madden da abokan aikinsa suka gina a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a farkon shekarun 2000, yana cikin waɗanda suka fara yin haka da yare mai kama da SQL, yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Na'urorin sukan jeru kamar yadda ake ƙidaya a masarauta: mai unguwa ya kai wa dagaci jimilla, dagaci ya haɗa ya kai wa hakimi.

Sai dai ba kowace tambaya ke haɗuwa haka ba. Mafi girma, mafi ƙanƙanta da jimilla ba su da wahala. Matsakaici kuwa yana da tarko. Idan wata sensa ta yi awo 10 matsakaicinsu digiri 30, wata ta yi awo 2 matsakaicinsu 42, wanda ya haɗa 30 da 42 ya raba biyu zai sami 36, alhali amsar gaskiya 32 ce. Dole kowace ta turo jimillarta da adadin awonta. Awon da ya faɗo a tsakiyar jeri ya fi wannan wuya, domin ba a samunsa daidai sai an ga alƙaluman duka, don haka akan haƙura da kintace.

Matsaloli

Ƙurar hunturu na rufe farantin sola, zafin bazara na rage kwanan batir, ambaliya irin ta 2022 a Jigawa na iya tafiya da na'urar ɗungurungum. Amma wadda aka fi raina ita ce agogo. Na'urar da batirinta ya mutu ta farfaɗo tana iya rubuta awo da lokacin da ba daidai ba, sai a ga ruwa ya iso Haɗejiya kafin ya wuce Ringim. Akan daidaita agogon da GPS ko daga matattara, a kuma ba kowane awo lambar jeri don gane wanda ya ɓace da wanda aka turo sau biyu.

Haka kuma shirun na'ura ba sifili ba ne. Tsari mai kyau yakan haɗa kowace amsa da adadin na'urorin da suka amsa da lokacin awonsu na ƙarshe, domin "babu ruwa a magudana" da "sensar magudana ba ta yi magana ba tun jiya" matakai daban suke buƙata: na farko a buɗe ƙofar ruwa, na biyu a tura mai gyara a kan babur.