Masu neman asalinsu a Mayflower, jirgin da ya kai Turawan Ingila Amurka a 1620, ga amsoshinku

Sunan gidanmu Alden. Ke nan mu zuriyar John Alden ne da ya iso garin Plymouth na Amurka a jirgin a 1620?

Suna ba hujja ba ne. Kawo takarda.

Daga ina zan fara?

Daga kanka. Kai, mahaifinka, kakanka, kowa da shaidar haihuwa, aure da rasuwa. Mai farawa daga 1620 yana gangarowa, ƙarshensa ya maƙala kansa a gidan da ba nasu ba.

Na ga Fabrairu 1689/90 a rajistar gari. Kuskure ne?

A'a. Kafin 1752 shekara a Ingila da yankunanta tana farawa ne ran 25 ga Maris. A lissafin yanzu 1690 ne. Kwafe shi yadda ka gan shi.

Mutum biyu masu suna ɗaya a gari ɗaya, lokaci ɗaya. Wane ne kakana?

To, nan ake yin ta. Da farko kada kalmar Junior (wato ƙarami) da ake liƙa wa suna ta ruɗe ka. A wancan zamanin ba lallai tana nufin ɗan Senior (wato babba) ba ne. Sau da yawa ƙaramin cikin masu sunan nan a garin kawai ake nufi, kuma in babban ya rasu sai ƙaramin ya gaji laƙabinsa. Sannan iyaye kan mayar wa jariri sunan yayansa da ya rasu, sai ka tarar da John biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya kuwa bai kai shekara uku ba.

Abin da ya fi raba gardama shi ne wasiyya da takardun rabon gado, domin nan uba ke lissafa 'ya'yansa, har da sunan mijin kowace 'ya. In babu, bi gona: wa ya saya, wa ya sayar, wace mata ce ta sa hannu ta yafe kasonta. Sunan matar nan yakan bambanta John ɗin biyu. Duba kuma masu shaida da maƙwabtan iyaka, yawanci dangi ne ko surukai. Amma ko wannan ba kullum yake yi ba. A gundumar Barnstable ta jihar Massachusetts gobarar 1827 ta cinye kusan duk littattafan filaye, sai dai ka koma ga na gado da na coci. Gwajin DNA na layin uba yana iya taimakawa, sai dai in mutanen biyu 'yan wa da ƙane ne, da wuya ya raba su. Wani lokacin iyakar abin da za ka rubuta shi ne "mai yiwuwa", kuma ba abin kunya ba ne.

Kakana ba ya cikin fasinjojin.

Su 102 ne, kusan rabinsu suka rasu a hunturun farko, kuma Gwamnan Plymouth William Bradford ya rubuta sunayensu a 1651. In ba ya ciki, ba ya ciki. Kwantar da hankalinka, wajen mutum 20,000 suka biyo baya kafin 1640.

Na samu salsalarmu a intanet har zuwa sarakunan Ingila.

Haba malam! Wa ya rubuta, ina madogararsa? Gustave Anjou ya shafe shekaru yana sayar wa attajiran Amurka salsalar ƙarya, har yau ana kwafarta. Gwada taka da littattafan ƙungiyar zuriyar Mayflower, wadda aka kafa a 1897. Sun tantance tsatso biyar na farko.

Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890 fa?

Gobarar 1921 ta lalata kusan duk takardunta. Daina nema, duba ta 1880 da ta 1900.