Sirrin majinyaci: dokar da ke hawa kan ɗalibin aikin jinya tun ranar farko

A makon tarbar sabbin ɗalibai a makarantun kiwon lafiya na Maraɗi, abin da ya fi cin lokaci shi ne maganar kuɗin makaranta, ɗinkin farar riga, jadawalin darasi, da ranar da za a fara fita sitaj a asibiti. Batun sirrin majinyaci kan zo ne can ƙarshe, layi ɗaya cikin takardar ƙa'idojin makaranta, ɗalibi ya sa hannu ya miƙa. To ƙannena, maza da mata, wannan layin ya fi ƙarfin ƙa'idar makaranta. Dokar ƙasa ce, kuma karya ta na iya kai mutum gaban alƙali tun bai riƙe takardar shaidar kammala karatu ba.

Kundin hukunta laifuka na Nijar, tun na shekarar 1961 da aka yi wa babban gyara a 2003, ya lasafta tona sirrin aiki cikin laifuka. Ya ambaci likitoci, masu fiɗa, sauran ma'aikatan lafiya, masu harhaɗa magani da ungozomomi, sannan ya haɗa da duk wani mutum da aka damƙa wa sirri saboda matsayinsa ko sana'arsa ko wani aiki da yake riƙe da shi, ko na dindindin ne ko na ɗan lokaci. Hukuncin ɗauri ne da tara. Wannan gaɓa ta “ɗan lokaci” ita ce ta shigo da ku. Wanda ya shiga da birbe yana karatun shekara 3 na ma'aikacin lafiya na matakin farko, da wadda ta shiga da bak tana neman lisans ta aikin jinya ko ungozoma, duk ɗaya ne: ranar da aka tura ka wani CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa ko ƙauye, ka tsaya gefen gadon mara lafiya da farar riga, an ba ka amana saboda aikin da kake riƙe da shi, ko da na mako biyu ne. Ba a jiran jarrabawar ƙarshe ta ƙasa kafin dokar ta san da kai.

Me ake nufi da sirrin? Yawancin sabbin ɗalibai suna ɗauka sakamakon gwajin jini ne kawai, ko sunan cuta. Abin ya fi haka faɗi. Duk abin da aka gaya maka, da wanda ka gani, da wanda ka ji ana faɗa, da wanda ka gane da kanka ba tare da an furta ba, yana ciki. Cikin da bai fito ba tukuna. Tabon duka a bayan mace. Maganin da aka rubuta a karne, wato ɗan littafin asibiti na majinyaci, wanda mai ilimi zai gane cutar daga sunansa. Kai har zuwan mutum asibitin ma sirri ne, domin in ka ce ka ga wance a layin tsarin iyali, ko ka ga wane yana fitowa daga inda ake karɓar maganin sida, ka gama faɗin komai ba tare da ka ambaci cuta ba. Kuma abin da ake koyarwa a ɗa'ar aiki shi ne mutuwar majinyaci ba ta sauke wannan nauyi. A zaman makoki ma bakinka a rufe yake.

Wahalar a Maraɗi ita ce kowa ya san kowa. Majinyaciyar da ke kwance a CHR, babban asibitin jiha, ko a cibiyar kula da uwa da yaro, in ba ƴar unguwarku ba ce a Zariya ko Bagalam, to ƙanwar matar kawunka ce daga Tibiri. Ɗan jarida ba zai zo ya tambaye ka ba. Wadda za ta tambaye ka innarka ce, da daddare kana cin tuwo.

“Ɗan nan, an ce an kwantar da matar Malam wajenku. Me ke damunta ne?”

“Inna, abin da muka gani a wurin aiki an hana mu faɗa. In kina so gobe in raka ki ki gaishe ta, ta gaya miki da bakinta.”

“Au, ni ce yau ake ɓoye wa magana?”

“Ba ɓoyo ba ne, Inna. Ke ma in kika zo, haka zan rufa miki.”

Za ta ji haushi, wataƙila ta kwana biyu tana yi maka gori da karatun likita. A ganina wannan haushin ya fi sauƙi a kan abin da ke biyo baya in ka buɗe baki, domin maganar da aka yi a tsakar gida da daddare, kafin azahar ta kai gidan suna. Kuma mace ɗaya da ta ji asirinta a waje ta ishi ta hana matan unguwa guda zuwa awo. Wannan ita ce hikimar dokar: mutum ba ya gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya sai ya tabbata maganar za ta tsaya nan, kuma in bai faɗi gaskiya ba, maganin da za a ba shi na kame-kame ne.

Sai maigida. Nan ne ɗalibai mata suka fi shiga tsaka mai wuya, musamman a ɗakin haihuwa da wajen tsarin iyali. Mutum ya zo da babbar riga, shi ya biya kuɗin magani, ya tare ki a baranda yana cewa, “Ƴata, ni ne mijinta, me aka gani?” Biyan kuɗi bai mayar da sirrin nasa ba. Dokar lafiyar haihuwa ta shekarar 2006 ta amince wa mai neman kulawa da haƙƙin a rufa masa asiri, dokar da ta shafi sida ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 2007, ita ma ta tsananta a kan ɓoye sakamakon gwaji. Gaskiya ne akwai hanyar da aka tsara ta sanar da abokin aure in abin ya shafi lafiyarsa, amma wannan aikin likita ne da masu ba da shawara, bayan an zauna da majinyacin. Ba aikin ɗaliba ba ne a baranda. Amsarki gajeriya ce: “Baba, ku yi haƙuri, ni ɗaliba ce. Bari in kai ku wurin majo,” wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen. Ba ki yi ƙarya ba, ba ki yi rashin kunya ba.

Yanzu ga salula, wadda ita ce ta fi jefa ɗaliban wannan zamani cikin rigima. An kawo wanda ya yi hatsarin kabu-kabu, ƙafa a karye, ɗalibi ya zaro waya ya ɗauki hoto don ya nuna wa ƴan ajinsu a WhatsApp. Niyyarsa karatu ce, na yarda. Amma hoton da ya shiga rukuni na mutum hamsin ya fita daga hannunka, kuma ko ka rufe fuska, zanen da ke jikin mutum ko ɗan rakiyar da ke tsaye a gefe ya isa a gane shi. Haka hoton shafin rajista, haka hoton kanka da ka ɗauka a lokacin gadin dare alhali ga mara lafiya kwance a bayanka. A nan doka biyu ke ƙaruwa a kan ta farko. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2022, wadda ta gaji ta 2017, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda ta fi tsarewa, da HAPDP, hukumar kare bayanan mutane, da ke sa ido a kai. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sake yi wa gyara a 2024, in abin da aka yaɗa ya kai ga ɓata sunan mutum. Ni dai shawarata, waya ta zauna cikin jaka har a tashi.

Ba kowace magana ce tona sirri ba. Gaya wa majo ko likitan da ke duba majinyacin abin da ka lura da shi wajibi ne, haka miƙa bayani ga wanda ya karɓe ka gadi. Sharaɗin shi ne mutumin yana cikin masu kula da wannan majinyacin. Abokinka da ke sitaj a wani sashe ba ya ciki, ko da rigarku iri ɗaya ce, kuma hira a wajen mai shayi na bakin asibiti ba miƙa aiki ba ce. Dokar ma da kanta ta ware wuraren da ta tilasta ko ta halatta a yi magana. Cututtukan da ake bin diddiginsu, irin su kwalara, sanƙarau, ƙyanda da shan inna, dole a sanar da hukumar lafiya ta gunduma, kuma jihar da ke kan iyaka da Najeriya, mutane na shige da fice ta Ɗan Isa kullum, ba ta wasa da wannan. Sai dai sanarwar tana da takardarta da hanyarta, daga shugaban CSI zuwa sama. Haka in jandarma ko ɗan sanda ya zo neman bayani a kan wanda aka kawo da rauni: kakinsa bai ba ka izinin buɗe rajista ba. Shari'a na da takardar buƙata da take aikowa, kuma shugaban wurin ne ke amsa ta.

Wanda ya karya dokar kan fuskanci abu uku, kuma ɗaya ba ya hana ɗaya. Makaranta na iya gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa, asibiti ya kore shi daga sitaj, sitaj ɗin da ba a kammala ba kuwa yana iya jawo maimaita shekara. Majinyaci na iya kai ƙara a hukunta shi. Yana kuma iya neman diyyar ɓarnar da aka yi masa, kamar auren da ya mutu ko cinikin da ya tsaya saboda magana ta fita. Cewa “ban yi nufin cutarwa ba” ba ta wanke mutum, tunda dai da saninsa ya faɗa.

Wuri ɗaya da ɗalibai masu ƙoƙari ke faɗawa ba tare da sun lura ba shi ne rahoton sitaj da kundin ƙarshen karatu. Malami zai ce ka kawo misalin majinyaci guda ka bayyana yadda aka kula da shi. Ka kawo, amma ka cire suna, ka cire unguwa ko ƙauye, ka cire lambar karne da duk abin da zai sa a ce ai wane ne. Shekaru, jinsi da alamomin cuta sun wadatar. Ƙaramin littafin da kake rubuce-rubuce a aljihun riga shi ma kada ka sa cikakken suna a ciki, domin irinsa ne ake mantawa a kan benci, ko a kai shi wurin mai hoton takardu tare da darasi.