Tseren dawaki na dogon zango: likita, mai kuɗi da lafiyar doki

Mu nan Garwa da Marwa, idan aka ce doki, hawan salla ne ke zuwa zuciya, ko sukuwar 'yan mintuna a fili, irin wadda jama'a ke cika kallo a Njamena. Amma tun da bidiyon tseren hamadar Dubai ya fara yawo a wayoyi, masu barga da samarin da ke kiwon dawaki suke ta tambaya a kansa. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Tambaya: Wane irin tsere ne wannan, me ya raba shi da sukuwarmu?

Tafiya ce ta yini guda a kan doki ɗaya, daga kilomita 100 zuwa 160 a manyan gasa. Ana raba ta zango-zango, kowanne ba ya wuce kilomita 40. Wanda ya fi suna shi ne Tevis na jihar Kalifoniya a Amurka, da aka fara a 1955, kilomita 160 cikin awa 24 ta kan duwatsu. Faransa ma tana da nata a Florac. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, mai mazauni a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ita ke da dokokin gasar ƙasa da ƙasa. Babban bambancin shi ne riga kowa isowa bai isa a ce ka ci ba. Sai likitan dabbobi ya duba dokinka bayan ka iso, ya ce da sauran ƙarfin tafiya a jikinsa. In ya ce babu, wahalar yinin ta tashi a banza.

Tambaya: Me likitan yake dubawa a kowane zango?

Nan ne zuciyar wasan, don haka bari in daɗe a kai. Da mahayi ya iso ƙarshen zango, agogon da ke ƙirga lokacin tafiyarsa bai tsaya masa ba tukuna, sai an kai dokin gaban likita. Yaran barga za su sauke sirdi, su yi ta kwara wa dokin ruwan sanyi a wuya da ƙirji da cinyoyi har bugun zuciyarsa ya sauko. Doki mai hutawa zuciyarsa kan buga wajen sau 30 zuwa 40 a minti. Dokar FEI ta ce sai bugun ya dawo 64 ko ƙasa cikin minti 15 kafin a karɓe shi. Wanda ya kasa, an sallame shi. Ka ga ke nan mai sukuwar hauka ya cuci kansa, domin dokinsa zai daɗe yana haki, wanda ya zo a natse ya riga shi shiga gaban likita. Sauri ya haifi nawa.

Daga nan likita zai ɗaga leɓe ya danna dasashi da yatsa, ya ga ko jinin zai dawo cikin daƙiƙa biyu. Zai tsunkuli fatar kafaɗa. In ta tsaya ba ta koma da sauri ba, ruwan jiki ya yi ƙasa. Zai sa abin sauraro a kwiɓi ya ji ko hanji na motsi, domin cikin da ya yi tsit alamar haɗari ce. Zai shafa gadon baya da wurin majanyi ko sirdi ya ji masa ciwo. Sai a ja dokin da sassarfa mita 40, a dawo da shi, a ga ko yana ɗingishi. In akwai shakka, likitoci uku ne ke kallo, kowa ya ba da hukuncinsa a asirce. Bayan sassarfar a sake auna zuciya. In ta haura maimakon ta zauna, gajiya ta ci jikinsa ko da ido bai nuna ba. Wanda ya tsallake duk wannan sai ya yi hutun dole, ya ci ya sha, kafin a sake shi.

Tambaya: Dawakinmu sun saba da rana, ba su fi ƙarfin wannan duka ba?

Sabo yana taimakawa, amma ba ya hana gumi. Doki mai aiki cikin zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa guda, kuma gumin doki gishiri ne da shi fiye da na mutum. Iyayenmu da suke ba dawaki kanwa sun san jikin dabba na neman gishiri, sai dai kanwa kaɗai ba ta mayar da abin da tafiyar kilomita 100 ta ɗauke. Idan ruwa da gishiri suka ƙare, sai ka ga kwiɓi na harbawa tare da bugun zuciya, ko naman cinya ya sandare fitsari ya yi duhu, ko ciki ya murɗe, ko ƙoda ta gaza. Irin wannan dokin ƙarin ruwa ta jijiya yake bukata, lita da yawa, kuma da an sa masa ya fita daga gasa.

A gasar duniya ta 2018 a Tryon ta Amurka, soke tseren aka yi ana tsaka da shi, saboda zafi da danshin iska sun jefa dawaki da yawa hannun likitoci. To ina ga Garwa a watan Afirilu, da zafi ke haura digiri 40? Duk mai son gwada wannan wasa a nan, lokacin hunturu ne nasa, kuma a tashi da asuba.

Tambaya: Me ya kawo maganar masu ɗaukar nauyi?

Kuɗi. Likitoci da yawa ake bukata, da ƙanƙara, da motocin ruwa a hanya, da motar ɗauko dokin da ya kasa, da gwajin jini. Kuɗin shiga gasa ba ya biyan wannan, 'yan kallo kuma ba su da yawa a wasan da ake yi cikin daji. Shi ya sa sarakunan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka zama ginshiƙin wasan. Ba kuɗi kaɗai suke zubawa ba, hawa suke yi: Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, sarkin Dubai, shi ya ci gasar duniya ta 2012 a Euston Park ta Ingila, ɗansa Sheikh Hamdan ya ci ta 2014 a Nomandi ta Faransa. Kamfanin Meydan na Dubai ya ɗauki nauyin manyan gasa a Turai da Amurka.

Tambaya: To ai alheri ne. Ina aibin?

Alheri ne, ban musa ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Idan mai biyan likita shi ne mai dokin da ake dubawa, ko ubangidan mahayin, da wane baki likita zai ce a fitar da shi? Kyauta mai tsoka kuma ta mai da tafiyar haƙuri ta zama sukuwa a kan hanyar da aka share cikin rairayi, ƙasusuwa suka riƙa karyewa, aka kuma kama masu yi wa doki allurar kashe zafi don kada ɗingishi ya bayyana. A watan Maris na 2015 FEI ta dakatar da hukumar dawaki ta Daular Larabawa saboda halin da dawaki ke ciki da karya dokoki, ta kuma ɗauke gasar duniya ta 2016 daga Dubai zuwa Sulobakiya.

Gyaran da ya fi burge ni daga can ɗin ya fito. A Boudheib ta Abu Dhabi, marigayi Sheikh Sultan bin Zayed Al Nahyan ya sa aka taƙaita gudu, aka karkatar da mafi yawan kyautar ga dokin da ya gama da lafiya mafi kyau. Inda mai kuɗi ya ajiye kyauta, nan mahaya za su nufa.

Tambaya: Za a iya shirya irinsa a arewacin Kamaru ko Chadi?

Ƙarami dai, kilomita 20 zuwa 40, me zai hana? Dawaki muna da su, daga dogayen Dongola na fadojin lamibe har gajerun dawakin Musai na bakin kogin Logon, masu jimirin tsiya. Masana ma akwai: ga LANAVET, ɗakin gwaje-gwajen lafiyar dabbobi na ƙasa, a Bokle kusa da Garwa, ga makarantar likitancin dabbobi a jami'ar Ngaundere, ga cibiyar binciken kiwo a Farsha ta Njamena. Fita da dawakinmu gasar Turai kuwa abu ne mai wuya, saboda cutar dawaki ta Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, wadda ta sa ƙasashe da yawa ke tsananta shigo da doki daga yankinmu.

Tambaya: In wani alhaji ko kamfani ya ce zai ɗauki nauyi, me za a nema daga gare shi?

Ya fara biyan ruwa da magani da motar ɗaukar doki kafin a yi maganar babur ko kujerar Makka ta wanda ya ci. Kuɗin likita ya bi ta hannun kwamitin shirya gasa, a biya shi tun kafin a tashi, kada ya jira ambulan bayan an gama. A rubuta a takarda cewa hukuncin likita ba ya da ɗaukaka ƙara, ko dokin fada ne, a karanta a gaban shamaki da masu barga, mai ɗaukar nauyin ya sa hannu. Kyauta mafi girma kuma a ajiye ta sai washegari da safe, a fito da dawakin da suka gama, a sake jan su da sassarfa a gaban jama'a, a ba wanda ya taka ƙasa da ƙafa huɗu lafiya lau.