Waiwaye: Yadda faɗuwar jirgin rimot ta koma "hatsarin jirgin sama"

A ƙarshen shekarun 1930, lokacin da wasu tagwaye 'yan Amurka, Walter da Bill Good, ke tashin jirginsu na rimot mai suna Big Guff, ba wanda zai kalle shi ya ce jirgin gaske ne. Katako ne marar nauyi da ƙyalle, ga kuka kamar ƙaramin babur. An yi gomman shekaru a haka.

Lissafin ya canza a shekarun 1990, da ƙananan injunan jet masu shan kananzir suka shiga kasuwa. Masu wannan sha'awa, waɗanda galibinsu magidanta ne masu abin hannu, suka koma kwaikwayon jiragen yaƙi da na fasinja, fenti da tagogi da tambarin kamfani duk ba a bari ba. Ƙarar ma iri ɗaya, kuma idan ya faɗi wuta yake kamawa.

A 2004 wani jirgin rimot mai injuna takwas da aka kwaikwayi B-52, jirgin yaƙin Amurka mai jefa bama-bamai, faɗin fikafikansa kusan mita bakwai, ya karkace ya rikito a wani bikin tashin jirage a Ingila. Abin mamaki, faɗuwar ta yi kama da ta B-52 na gaske a sansanin Fairchild na Amurka ranar 24 ga Yuni 1994, inda mutum huɗu suka mutu. A 2016 kuma wani jirgin rimot da aka kwaikwayi jirgin yaƙin Sweden mai suna Saab Gripen, rabin girman na ainihi, ya tarwatse a sama a Jamus. Asarar kuɗi kawai aka yi.

Bidiyon irin wannan faɗuwa ne ake yaɗawa a matsayin hatsarin jirgin gaske, mutane kuma su yarda. Ni dai ban ga laifin ido ba. A sararin sama babu bishiya ko gini da za a gwada girma da shi. Masu laifin su ne masu yanke bidiyo: a cire inda matuƙin ke tsaye da rimot a hannu, a liƙa sunan wani gari, sai ka gan shi a WhatsApp ana ta "Innalillahi", musamman ranar da aka yi hatsari na gaske kuma jama'a na jiran labarin 'yan'uwansu.

Amma ƙasa tana tona asiri. Ciyawa kan kai rabin taya, tarkace na tsalle saboda rashin nauyi, jirgin na juyawa da saurin da mai ɗauke da fasinja ɗari uku ba zai iya ba. Wani lokacin ma, idan aka ƙara murya, dariyar 'yan kallo ake ji.