Kazata ta saka ƙwai maras ɓawo: ciwo ne ko ƙarancin abinci?

Ka leƙa akurki da safe, ka kai hannu, sai ka ji ƙwan ya lotsa kamar ƙullin ruwa a leda. Tantani ne kawai ya riƙe gwaiduwa da farin. Masu kiwon kaji a tsakar gida da yawa sun ga haka, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne.

Me ke jawo hakan?

Galibi ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a abinci. Kusan kashi 95 cikin 100 na ɓawon ƙwai kalsiyam kabonet ne, kuma kowane ƙwai yana cinye wa kaza kamar giram 2 na kalsiyam. Ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikinta, kusan awa 20 daga ciki aikin ɓawo ne, yawancinsa kuma da dare, lokacin da ba ta cin komai. Abincin kajin ƙwai da ake sayarwa a buhu ana haɗa shi da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100. Dusa, tsaki, gero, dawa da masarar da muke watsa musu kuwa, abin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba. Kazar Hausa mai yawo a bola takan tsinci ƙwari da ɓurɓushin ƙashi ta cike giɓin, kuma ƙwan nata ba yawa. Wadda ke shan wahala ita ce kazar gidan gona da aka kawo gida aka killace, tana saka ƙwai kusan kullum, ana ba ta dusa da ragowar tuwo.

Idan ba a gyara ba, me zai same ta?

Wannan ne ya fi damuna. Kaza ba ta daina ƙwai nan take don kalsiyam ya yi ƙaranci, sai ta riƙa ɗebowa daga ƙasusuwanta. A hankali ƙafafu su yi rauni, ka ga tana yawan durƙushewa, wata ma ta kasa tashi. Ƙwai mai laushi kuma yana da wuyar fita, yana iya maƙalewa ko ya fashe a ciki ya jawo ruɓa. Idan ya fashe a akurki kuwa, sauran kajin su ɗanɗana, daga nan su koyi shan ƙwai, halin da ke da wuyar rabuwa da su.

Me zan ba ta a gida?

Fara da abin da ake zubarwa. Tara ɓawon ƙwan da aka soya, a shanya, a ɗan gasa a kasko ya bushe ƙayau, a daka shi ya zama kamar tsaki yadda ba za su gane ƙwai ba ne. Wannan kaɗai ba zai isa ba, don haka je wurin masu sayar da kayan abincin kaji ka nemi dakakken ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo) ko dutsen laimiston na kiwo (dutse mai kalsiyam), da garin ƙashi. Mai tsakuwa-tsakuwa ya fi gari, domin yana daɗewa a ƙundu yana narkewa har cikin dare. Zuba shi a wani kwano daban, mai bukata za ta ci da kanta. Kada a gauraya shi a abincin 'yan tsaki, yawansa yana lalata musu ƙoda. Farar ƙasar shafe ta magina kuma ba ta shiga cikin wannan ba sam.

A bar su su sha hantsi. Sai da bitamin D3 jiki ke iya jan kalsiyam daga hanji, hasken rana kuwa yana samar da shi.

Kanwa fa? An ce tana ƙara musu ƙarfi.

Kanwa gishirin sodiyam ce, ba za ta maye gurbin kalsiyam ba.

Ina ba su abincin buhu, amma da bazara ta shigo ɓawon ya yi siriri. Me ya sa?

Zafi ne. Kaza ba ta gumi, haki take yi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano, Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, za ka gan ta baki buɗe, fukafukai a saɓule. Wannan hakin yana fitar da iskar kabon da jikinta ke bukata wajen haɗa ɓawo, ga shi cin abinci ya ragu. Inuwa, iska mai ratsa akurki, ruwan randa mai sanyi da ake sauyawa da rana, da ba da abinci da sassafe da kuma yamma, su ne maganin.

Sagarar da ta fara ƙwai yanzu takan yi ɗaya ko biyu marasa ɓawo kafin jikinta ya daidaita, tsohuwar kaza kuma ɓawonta yakan yi siriri. Firgita da dare, daga kyanwa ko gafiya, ita ma tana sa kaza ta saki ƙwai tun bai ƙosa ba.

Yaushe ne sai an je asibitin dabbobi?

Idan kaji da yawa suka fara tare, ƙwai ya ragu kwatsam, ga tari, majina, koren zawo ko murɗewar wuya, to an wuce batun abinci. Cutar Niyukasil tana yin haka. Akwai wata cutar numfashi da ke sa ɓawo ya yamutse, farin ƙwai ya tsinke kamar ruwa. Akwai kuma cutar faɗuwar ƙwai da aka fara ganowa a ƙasar Holan a 1976, wadda agwagi ke iya ɗauke da ita, kajin suna nan garau amma ƙwan ba ɓawo. Duk ƙwayoyin bairos ne, kafson da ake sayowa a kemis a zuba a ruwa ba ya kashe su. Rigakafi ne ke tare su, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin na Niyukasil. Idan kaji suka fara mutuwa farat ɗaya, kada a yanka, kada a kai kasuwa, a sanar da likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006.

Kaza ɗaya ma, in ta tsaya tana nishi, wutsiya ƙasa, ciki a kumbure, ko jan nama ya leƙo ta bayanta, a ware ta daga sauran don kada su tsattsage ta, a kai ta ranar. Kada a matse cikin, ƙwan zai fashe a ciki.

Za a iya cin irin wannan ƙwan?

Idan tantanin bai yage ba, an ɗauke shi da wuri, kazar kuma lafiyarta ƙalau, a dafa shi sosai a ci a ranar. Wanda ya kwanta cikin kashi a zubar. Kazar da ke shan magani kuma sai an tambayi likita kwana nawa za a jira. Ba a sa shi a kwanci, ba zai ƙyanƙyashe ba.