Ruwan da ya kwanta bai rabu da dalma ba

Jama'a, a garuruwan da ake haƙar zinare ina yawan jin iyaye mata na cewa ai sun sa wa ruwan alif, ya kwanta garau, sun kuma tafasa shi. Madalla da wannan ƙoƙari, amma dalma, ƙarfen nan mai guba da ake samu a wasu duwatsun zinare, ba ƙwayar cuta ba ce da wuta za ta kashe. Tafasawa ma ruwan take ragewa, gubar ta tsaya a tukunya. Ba ta da launi, ba ta da wari.

Mun ga abin da ta yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da Yargalma. A 2015 ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Mafi yawan ɓarnar daga ƙurar dutsen zinaren da ake dakawa a cikin gida ta fito, amma ruwan wankin zinare ma yana gangarawa kududdufi da rafi, har ya tsiyaya rijiya, ga zaibar da ake kama zinaren da ita.

To, ina amfanin yumɓu wajen tace ruwa? Yana da shi. Wasu nau'o'insa, kamar farar ƙasa, suna riƙe wani kaso na dalmar da ta narke a ruwa. Tukwanen tace ruwa da ake ginawa da yumɓu da buntun shinkafa, a gasa, suna tare laka da ƙwayoyin gudawa sosai. Sai dai yumɓu yana ƙoshi: in ya cika, gubar wucewa take yi, ido kuwa ba zai gane ba. Wanda aka gama aiki da shi ya zama guba, a binne shi nesa da rijiya. Kuma kar a ɗebo yumɓu daga filin haƙa, wataƙila shi kansa da dalmar a ciki.

Don haka masu gida, a kai niƙan dutse da wankin zinare bayan gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa, a yi wanka a canza kaya kafin a shigo gida. Ruwan sha a ɗebo daga rijiyar da aka gwada. Yaron da ke amai, ciwon ciki ko jijjiga, a kai shi asibiti, a gaya wa ma'aikaci cewa ana harkar zinare a gidan, a nemi gwajin jini.