Samariyam salfaid

Samariyam salfaid (SmS) sinadari ne da ake samu idan ƙarfen samariyam ya haɗu da farar wuta, ƙwayar zarra ɗaya daga kowane ɓangare. Farar wutar dai ita ce wannan rawayar dunƙulen da 'yan koli ke bajewa a kasuwannin ƙauye irin su Gujungu da Wudil. Shi kuwa samariyam, lambarsa 62 a jadawalin sinadarai, kuma masanin Faransa Lecoq de Boisbaudran ne ya gano shi a 1879. Ana tace shi daga ma'adinai irin su monazayit, wanda ake samu a ragowar ƙasar haƙar kuza a Jos.

A zaune kalau, baƙi ne wuluk, kuma lantarki ba ya ratsa shi sosai. Ƙwayoyinsa a jere suke murabba'i-murabba'i, tsari ɗaya da na gishirin miya. Ba ya narkewa sai zafi ya doshi digiri 2,000. Idan asid ya taɓa shi, iskar da ke tashi warin ruɓaɓɓen ƙwai gare ta, kuma guba ce.

Abin da ya fito da sunansa shi ne sauyin da yake yi idan aka matse shi. A 1970 masana a Amurka suka lura cewa da matsi ya kai kusan ninki 6,500 na nauyin iskar da ke kanmu, sai baƙin nan ya rikiɗe farat ɗaya ya koma launin ruwan zinariya, ya tsuke, lantarki ya riƙa wucewa cikinsa kamar ƙarfe. Iskar da mai faci ke ɗurawa tayar babur ninki 2 ce ko 3 kacal. Amma tsinin allura na tara ƙarfi wuri guda, shi ya sa kartar fuskarsa ko goge ta ya isa a ga layin zinariya ya bayyana a kan baƙi. Ganin wannan kaɗai ya isa ya sa ɗalibi ya ƙaunaci kimiyya.

Dalilin yana cikin ƙwayar samariyam. Matsi na tilasta mata sakin wata ƙwayar lantarki da ta ɓoye can ciki. Da ta sake ta sai ita ta ƙanƙance, wadda aka saki kuma ta shiga yawo tana ɗaukar wuta tana mayar da haske. Ba zinariya ba ce ko kaɗan: a ɗumama shi, sai ya koma baƙinsa. Wannan saurin jin matsi ne ya sa ake gwada shi wajen ƙera na'urorin auna matsi.